8x Ko 24x: Gudun Ƙona Faifai Ya Kai A Sauya Kwamfuta Dominsa?

Da yawa daga cikin matasan da ke riƙe da wayar Android a yau ba su taɓa ƙona faifai da hannunsu ba. Fim ko waƙa, ta Xender ake turawa, ko a je wurin masu turi a cika memori. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, wadda a da ita ce cibiyar faya-fayan Kannywood, ta daɗe da ganin wannan sauyi.

Amma faifai bai mutu gaba ɗaya ba. Akwai sassan jami'o'i da har yanzu ke son ɗalibi ya haɗa kundin bincikensa da kwafi a CD. Wuraren ɗaukar hoton CT da MRI sukan miƙa wa mara lafiya hotunan a faifai. Mai ɗaukar bidiyon biki kuwa yakan gamu da iyayen da ba sa ganin aiki ya kammala sai sun riƙe DVD a hannu.

Matashin da ya shigo irin wannan sana'a da laftof ɗinsa ta hannu zai lura da abu ɗaya da wuri. Na'urar rubuta faifai da ke jikinta, wadda a kasuwa ake kira raita, 8x ce, kuma cikakken DVD yana cin kusan minti goma. Sai ya ga wata babbar kwamfutar tebur an rubuta 24x a jikin raitarta, mai sayarwa ya ce masa wannan ta ninka tasa sau uku. Jarin da ya daɗe yana tarawa ke nan zai tafi. Lissafin mai sayarwa daidai ne a takarda, amma a gaban kwamfuta ba haka yake ba.

Me wannan "x" yake nufi?

An samo ma'aunin ne daga faifan waƙa. Gudun da CD ke yi idan yana kunna sauti shi ne 1x, wato KB 150 a daƙiƙa. Da wannan gudu, faifan MB 700 yana cin minti 80 kafin ya cika, daidai tsawon sautin da yake ɗauka. Raita mai 52x, wadda ita ce ƙololuwar abin da aka saba gani a CD, tana iya kaiwa MB 7.8 a daƙiƙa.

Na DVD daban ne. 1x ɗinsa kusan MB 1.4 ne a daƙiƙa, wato ya ninka na CD kusan sau tara, kuma da shi faifan GB 4.7 zai cika cikin awa ɗaya saura kaɗan. Shi ya sa raitar laftof ke ɗauke da lambobi biyu, 24x na CD da 8x na DVD. Duk wanda ya ga 24x a jikin wata na'ura, ya fara tambaya: na wane faifan?

Lambar ƙarshen faifai ce

Faifai daga ciki ake fara rubuta shi, kusa da ramin tsakiya, a riƙa fitowa waje. Manyan raitoci masu gudu suna juya shi ne da sauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Da'irar ciki ƙarama ce, ta waje kuma ta ninka ta fiye da sau biyu, don haka a juyi ɗaya bayanan da ke shiga a bakin faifai sun ninka na ciki. Raita mai 24x takan fara ne daga wajen 10x, mai 16x kuma daga wajen 6x ko 7x. Lambar da ke jikin kwali sai a daƙiƙun ƙarshe ake taɓa ta, kuma sai idan an cika faifan fal.

Idan bidiyon bikin rabin faifai ya ci, raitar 24x da ƙyar za ta kai 18x aikin ya ƙare. Idan kuma kundin ɗalibi ne mai MB 20, lokacin da na'ura ke ɗauka ta tayar da faifan, ta gwada ƙarfin haskenta, ta rufe shi a ƙarshe, ya fi na rubutun kansa. A nan 8x da 24x duk ɗaya ne.

A cikakken faifai, ga yadda abin yake a aikace: 8x ta laftof kusan minti goma, 16x kusan minti shida, 24x minti huɗu da ɗoriya. Daga 8x zuwa 16x akwai riba ta gaske. Daga 16x zuwa 24x kuwa abin da aka samu bai cika minti biyu ba.

Kuma gudun ya tsaya a nan ne saboda dalili. A 52x, CD yana juyawa kusan sau 10,000 a minti. Roba ce mai faɗin santimita 12, idan tana da ɗan tsagewa a ramin tsakiya tana iya tarwatsewa cikin na'urar. Kamfanoni ba su ƙara wani abin kirki a gudun nan ba fiye da shekara goma, don haka raitar da ke cikin sabuwar kwamfuta kusan ita ce ke cikin tsohuwa.

Shi ma faifan yana da ta cewa

Kowane faifan da ba a rubuta ba yana ɗauke da lambar masana'antar da ta yi shi. Raita na karanta lambar, ta duba jerin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, sannan ta yanke gudun da za ta yarda da shi. Mafi yawan DVD-R da DVD+R da ke kasuwa 16x aka rubuta musu, kuma raitar 24x ba ta wuce hakan sai a kan wasu 'yan faya-fayai da ta sani. Mai hawa biyu, wanda ke ɗaukar GB 8.5, yawanci 8x ne. Wanda ake gogewa a sake rubutawa, DVD-RW, bai wuce 6x ba. Mutum zai iya sayen 24x ya shekara yana aiki bai ga lambar ta fito a allonsa ba.

Ga kuma maganar inganci. Bonin, kamar yadda ake faɗa a shago, ƙona wani siririn rini ne da hasken leza. Idan faifan mai arha ne kuma aka kore shi da gudu, alamomin kan fita ba tsaf ba, musamman a bakin faifai inda gudun ya fi yawa. Kwamfuta na iya karanta shi lafiya, amma tsohuwar DVD ɗin falo ko rediyon mota su fara tsalle. A bidiyon biki, bakin faifai shi ne ƙarshen taro, wataƙila wajen kai amarya. Sauri ya haifi nawa ke nan, domin faifan da aka dawo da shi ya ci lokaci sau biyu, ya kuma taɓa sunan mai aikin. Saboda haka waɗanda suka daɗe a harkar kan sa faifan 16x a 8x da gangan. Wannan ba ya nufin a sauko har 1x ko 2x. Rinin faya-fayan yanzu an yi shi ne don gudu, matsakaici ya fi masa.

Kuma mai aikin kirki yakan kunna zaɓin tantancewa a Nero ko ImgBurn, na'ura ta sake karanta faifan ta kwatanta da na asali. Wannan ma 'yan mintuna ne da lambar kwali ba ta lissafa ba.

Ina lokacin yake tafiya?

Wanda ke haɗa bidiyo ya duba agogo da kyau. DVD na bidiyo yana amfani da tsarin MPEG-2, girman hotonsa 720 da 576 a tsarin PAL da ake bi a Najeriya da maƙwabta da dama. Waya ko kamara kuma na ɗauka a 1080p ko 4K. Dole kwamfuta ta sauya kowane hoto ta matse shi kafin a zo maganar faifai, kuma a tsohuwar laftof wannan na iya cin awa ɗaya ko fiye. Aikin furosesa ne da RAM, raita na zaune tana jira. Idan akwai dalilin sauya kwamfuta, a nan yake. Sau da yawa ma ƙarin RAM da maye gurbin tsohon hadis da SSD sun isa a ji bambanci a duk ayyukan yini, ba a minti goman ƙarshe kaɗai ba.

Shi kansa bonin ba ya wahalar da kwamfuta. 8x na DVD MB 11 ne a daƙiƙa, abin da ko tsohon ramin USB 2.0 ke ɗauka ba tare da nishi ba. A da, idan kwamfuta ta ɗan tsaya bayanai suka yanke, faifan ya lalace ke nan. Tun shekarar 2000 kamfanin Sanyo ya fito da fasahar BURN-Proof da ke ba raita damar dakatawa ta ci gaba daga inda ta tsaya, kuma irinta ta zama ruwan dare.

Akwai hujja ɗaya ta gida da masu son gudu ke da ita: wuta. Idan aka ɗauke ana tsakiyar rubutu, DVD-R ya tafi, ba a gogewa. Minti huɗu ya fi minti goma tsira. Sai dai laftof mai batir, ko da rabin awa yake riƙewa, ta fi kwamfutar tebur mai 24x kariya daga wannan, sai in an haɗa mata UPS, wanda shi ma wani kuɗin ne.

To wa ya kamata ya taɓa aljihu?

Mai ƙona faifai ɗaya ko biyu a mako ba shi da abin saye. Idan laftof ɗinsa ba ta da raita kwata-kwata, kamar yawancin sababbi tun bayan da Apple ya fitar da MacBook Air babu ita a 2008, siririyar raita ta USB mai 8x ta wadatar.

Mai kwafi ashirin na biki ɗaya, shi lissafinsa daban ne. Minti goma sau ashirin ya haura awa uku, minti shida sau ashirin awa biyu ne. Wannan awa ɗaya ce ta gaske. Amma babbar raita ta kwamfutar tebur kaya ce mai zaman kanta, ana ɗaura ta da wayar SATA a tsohuwar kwamfuta, ko a sa ta a akwatin USB a jona da laftof. Kuɗinta ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na kwamfuta sukutum. Wanda aikinsa ya kai ɗaruruwa kuma, injin kwafi yake buƙata, mai jerin raitoci bakwai ko goma sha ɗaya a tsaye, wanda ba ya neman kwamfuta. Ko a 8x aka sa shi, faifai goma sha ɗaya ne ke fita a lokaci guda.

Kafin duk wannan, yana da kyau a tambayi mai biki a kan me zai kalla. Bidiyon 4K da iPhone ke ɗauka a tsarin da ya fi dacewa da sauran na'urori yana cin kusan MB 350 a minti, wato DVD guda ba zai ɗauki ko minti 15 ba sai an rage masa kyau. Filash na GB 32 ya ɗauki abin da faifai shida ke ɗauka, kuma yawancin talabijin na yanzu suna da ramin USB. Su ma masu ƙera faya-fayan suna janyewa: a Fabrairun 2025 Sony ya daina yin faifan Blu-ray na rubutawa. Masu aiki da dama yanzu kan ba da filash ɗaya mai cikakken inganci ga ango da amarya, su ƙona DVD biyu ko uku don gidan iyaye, kuma wannan raitar 8x ta laftof tana gama shi cikin rabin awa.