Poker: Koyi Ajiye Kati Tukuna

A ɗakin kwanan ɗalibai a Manchesta na fara zama teburin Texas Hold'em. Karta ce mai kati 52. Kowa a ba shi biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya: uku tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Cikin bakwai ɗin nan za ka haɗa biyar mafi ƙarfi. A kowane zagaye, ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka ajiye.

Ajiyewar nan ce ke gagarar ɗan koyo. Ni da sarki biyu a hannu na yi ta bin wani, ashe biyar masu alama ɗaya gare shi. Fam 20, kuɗin cefanen sati, wallahi! Yanzu da ƙwayar gyaɗa muke bugawa. Umma dai ba ta ji labarin ba har yau.