Gidajen shotlet: wa ke da ikon sa musu doka, ƙaramar hukuma ko jiha?

Duk wanda ya nemi gidan haya a Legas cikin 'yan shekarun nan ya ji wannan kalma a bakin ejan: shotlet. Wato gida ne cikakke, da gado da kujeru da kicin da janareta, amma maimakon a ba ɗan haya na shekara, sai a riƙa ba baƙi na kwana biyu, na mako ɗaya ko na wata. Abin ya fi yawa a Lekki da Ikoyi da Ikeja, ya kuma bazu zuwa Abuja da Ibadan da Fatakwal. Kasuwarsa ta fi ci a watan Disamba, lokacin da mazauna ƙasashen waje ke dawowa hutu. Ana tallarsa a Airbnb da Instagram da WhatsApp.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, tunda ba mu ke kwana a ciki ba? Da ruwanmu fa. Mu ne 'yan haya, yaranmu ne masu gadin irin waɗannan gidaje, wasu daga cikinmu kuma sun fara sa kuɗinsu a harkar.

Me ya sa masu gidaje ke komawa shotlet?

Lissafi ne kawai. A matsayin misali, a ce gida ana hayarsa naira miliyan 3 a shekara. In mai shi ya gyara ya zuba kaya, yana karɓar naira dubu 60 a dare, kwana 50 kacal ya haɗa kuɗin shekara. Akwai ɗawainiyar mai da shara da gyara, amma duk da haka da yawa suna ganin ya fi musu. Ga shi babu ɗan hayan da zai riƙe musu kuɗi har a je kotu.

To amma kowane gida da ya koma shotlet, an rage gida ɗaya ke nan daga hannun masu neman wurin zama. Wanda aka tasa daga Lekki zai gangara Ajah, na Ikeja ya nufo Agege. Kun ga ko unguwarku babu shotlet ko ɗaya, tsadar za ta iya iskowa ku.

Saukar baƙo ba sabon abu ba ne a wurinmu. A Sabon Ibadan da Agege da sauran zangunanmu, tun zamanin kakanni akwai fatoma. Shi ke sauke wanda ya kawo shanu ko ya zo sayen goro, ya ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya ci la'adarsa. Sai dai fatoma ya san baƙonsa, in baƙo ya yi ɓarna an san wanda za a tambaya. A shotlet kuwa sau da yawa mai gida bai taɓa ganin fuskar baƙon ba, kuɗi ne suka shiga asusu aka ce maigadi ya ba da makulli. Mutane ba su manta da kisan da aka yi wa shugaban gidan talabijin na Super TV a wani gidan shotlet a Lekki a watan Yunin 2021 ba.

Yadda biranen waje suka yi

A ƙasashe da dama hukumar birni ce ke riƙe da linzamin. A Niyok ta Amurka, tun watan Satumban 2023, duk mai ba da haya ta ƙasa da kwana 30 sai ya yi rajista da hukumar birni, dole yana zaune a gidan tare da baƙin, kuma kada baƙin su wuce biyu. A Landan, in za ka ba da gidanka dungurungum fiye da dare 90 a shekara, sai da izinin ƙaramar hukumar unguwar. A Sukotlan ƙananan hukumomi ne ke ba da lasisi, wanda ba shi da shi ya karya doka. Basilona ta Sifaniya, garin ƙungiyar ƙwallon nan, ita ta fi kowa zafi: a 2024 magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar cewa zuwa watan Nuwamban 2028 za a daina sabunta lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido sama da dubu 10, don su koma hannun mazauna gari.

Dabarun dai ba su wuce uku ba: rajista don a san mai gida, ƙayyade kwanaki, da haraji ko tara.

A Najeriya fa?

Nan abin ya sha bamban. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, shaguna, gidajen abinci, allunan talla, kwashe shara, sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da ƙiyasta gidaje don harajin da majalisar jiha ta tsara. Babu otal ko masaukin baƙi a ciki. A 2013 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas cewa ba da lasisin otal da kula da su hurumin jihohi ne. Hukuncin 2024 na 'yancin ƙananan hukumomi kuwa a kan kuɗinsu ne da zaɓen shugabanninsu, bai ƙara musu wani sabon aiki ba.

Saboda haka a Legas, duk da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, yawancin ikon yana Alausa. Dokar jiha ta 2009 ta sa harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin da baƙo ya biya a otal da makamantansa, hukumar LIRS ke karɓa. Mayar da gidan zama wurin kasuwanci yana buƙatar izinin hukumar tsara birane ta jiha. Dillalan gidaje kuma ana so su yi rajista da hukumar LASRERA. A rukunin gidaje masu geti, ƙungiyar masu gidaje kan kafa nata sharuɗɗan. Abin da ya rage wa ciyaman da kansila shi ne shara, allon talla, lambar gida da jin koken unguwa.

In mai gida ya ce ka tashi

Dokar haya ta Legas ta 2011 ita ce garkuwar ɗan haya. In yarjejeniyarku ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan shekara ana ba shi notis na wata 6, mai biyan wata-wata notis na wata 1. Bayan wa'adin ya cika sai a ƙara notis na kwana 7, sannan a tafi kotu. Kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Mai gidan da ya cire rufi ko ya turo 'yan daba ya yi laifin da zai iya kai shi ga tarar da ta kai naira dubu 250 ko ɗaurin wata 6. Haka nan ɗan haya na iya kai ƙara in ƙarin kuɗin ya wuce hankali. A lura, dokar ba ta aiki a Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island, kuma kowace jiha da tata dokar.

Inda muke yawan faɗuwa shi ne rashin takarda. Da yawanmu da baki muke ƙulla haya, a miƙa kuɗi hannu da hannu babu rasit. Ranar da rigima ta taso, me za ka nuna wa alƙali? Ku riƙa karɓar rasit, ku ajiye shaidar tura kuɗi ta banki. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'ar Legas, kyauta ce.

Masu gadi kuma su yi hattara. Kada ka miƙa makulli ga baƙon da mai gida bai turo maka sunansa da hoton katinsa ba, ka kuma riƙa rubuta shiga da fita. In wani abu ya faru, wanda ke bakin geti 'yan sanda ke fara ɗauka.

Mai niyyar shiga harkar da gidan da shi ma haya ya kama, ya fara samun amincewar mai gida a rubuce, ya je ofishin haraji na jiha kafin su su zo masa.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu su ma da aiki a gabansu. Tunda a majalisar jiha ake yin dokar, to a can ya kamata a ji muryarmu duk lokacin da aka kira zaman jin ra'ayin jama'a kan haya. A unguwa kuma a riƙa halartar taron ƙungiyar ci gaban unguwa, don nan ne koke ke fara isa kunnen kansila. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba kowa muhallin kansa.