Zaɓen Sabulun Wankan Kare: Misali Daga Unguwar Miskin ta Birnin Bangi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe bai ɗauki kare abokin zaman ɗaki ba, amma ya daɗe da sanin amfaninsa. Mafarauci yana shiga daji da shi, makiyayi yana tsaron garke da shi, maigida kuma yana barin sa a bakin ƙofa da dare. Shari'a ta yi izinin ajiye shi domin farauta da kiwo da tsaron gona, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Hausawa suke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Duk wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta yana wuyansa, kuma tsabta tana cikin wannan haƙƙi. Wannan takarda za ta yi bayani a kan sabulun da ya dace a wanke kare da shi, da wanda ya kamata a guje wa, tare da ɗaukar misali daga unguwar Miskin.

2.0 Miskin da Yanayinta

Miskin unguwa ce a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Tana manne da Kilomita Biyar, cibiyar kasuwancin birnin, inda Hausawa da Fulani da sauran fatake Musulmi suka daɗe da zama. Rikicin 2013 zuwa 2014 ya taɓa wannan yanki ƙwarai. A wurin da aka ɗanɗana rashin tsaro, ba sai an gaya wa kowa darajar karen gadi ba.

Sai dai yanayin Bangi ba irin na Kano ko Maraɗi ba ne. Birnin yana bakin kogin Ubangi, damina takan wuce wata bakwai, ruwan da ake samu a shekara kuma yakan kai kimanin milimita 1,500. Zafi da laima su ne abin da kaska da ƙuma suke so. Shi ya sa kare yakan yawaita susa, gashinsa ya zube, ya yi wari. A nan ne mai shi yake miƙa hannu ga sabulun da ya fi kusa, wato omo ko sabulun wanki, kuma daga nan matsala take somawa.

3.0 Fatar Kare Ba Fatar Mutum Ba Ce

Dalili na farko shi ne kauri. Duk da gashin da ya rufe ta, fatar kare ta sama ta fi ta mutum sirantaka, saboda haka abin da mutum zai jure yana iya ƙona ta.

Dalili na biyu shi ne maiƙo. Fatar kare tana fitar da wani maiƙo da yake hana ta bushewa, yake kuma tare ƙwayoyin cuta. Shi kuwa omo an yi shi ne domin ya cire maiƙo daga tufafi, kuma haka zai yi wa fata. Idan ta bushe sai ta tsage, kare ya yi ta susa har ya ji wa kansa ciwo, ƙuda ya bi gyambon. Wanka ke nan ya zama silar cuta.

Dalili na uku ya shafi ma'aunin da masana suke kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Abin da yake ƙasa da 7 yana da ɗabi'ar tsami, wanda yake sama da 7 kuma ɗabi'ar kanwa. Fatar mutum tana wajen 5.5, ta kare kuwa yawanci tana tsakanin 6 da 8. Sabulun sanda da sabulun salo sukan kai 9 ko 10. Ke nan shamfun mutane ya yi wa kare tsami, sabulun wanki kuma ya yi masa kanwa.

4.0 Yadda Ake Zaɓe

Kalmar sabulu Hausa ta are ta ne daga Larabci, shamfu kuwa baƙuwa ce ta baya-bayan nan, kuma tana nufin sabulun ruwa na wanke gashi. Mai saye a Bangi zai tarar da rubutun kwalba da Faransanci, saboda haka sai ya lura da waɗannan abubuwa:

a. Ya nemi kalmar "chien", wato kare, ya kuma duba ranar lalacewar kayan.
b. Ya fifita wanda ba shi da ƙamshi mai ƙarfi ko launi mai yawa. Hancin kare ya fi na mutum ji nesa ba kusa ba, turare kuma yakan jawo ƙaiƙayi.
c. Ya bambanta shamfun tsabta da na magani. Na kashe kaska da ƙuma guba ne a cikinsa, ba a yi wa ɗan kwikwiyo ko karya mai ciki sai da shawarar likitan dabbobi. Mai ɗauke da sinadarin fametirin yana kashe kyanwa, don haka gidan da yake da mage sai a kiyaye.
d. Idan ba a samu na kare ba, shamfun jarirai marar ƙamshi zai iya rufa asiri jefi-jefi. Ruwa zalla da taje gashi ma sun fi omo.

Abubuwan da ba a kusantar kare da su sun haɗa da kananzir, da baƙin man mota da wasu suke shafawa domin ƙazuwa, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na wanke ɗaki, da maganin feshin shanu da aka haɗa da ka. Kare yana lasar jikinsa, abin da aka zuba masa a fata cikinsa zai tafi. Dalalar miyau da karkarwa da amai bayan wanka alamun guba ne. Sai a ɗauraye shi da ruwa mai yawa, a garzaya wurin likita.

5.0 Wankan Kansa

Wanka sau ɗaya a wata ya ishi kare mai lafiya. A jiƙa shi da ruwa mai ɗan ɗumi, a kare idanu da cikin kunnuwa, a ɗauraye har kumfa ta ƙare, domin ragowar sabulu ita ma tana sa susa. Daga nan a tsane shi sosai, kada a bar shi ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan susa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko gashi yana zuba fili-fili, to magana ta wuce ta sabulu.

6.0 Kammalawa

Akwai wuri ɗaya da sabulun wanki yake da babban aiki, wato idan kare ya ciji mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a wanke raunin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, sannan a nemi allura nan take, saboda ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara. A Bangi, Cibiyar Pasteur da aka kafa a 1961 tana aiki a kan wannan cuta. Wanka ba ya maye gurbin allurar rigakafin da ake yi wa kare. Amma karen da fatarsa take lafiya ba ya kwana yana susa, ba ya cika tsakar gida da kaska inda yara suke wasa, kuma ya fi iya tsayuwa a bakin aikinsa. Kuɗin shamfu mai taushi bai kai kuɗin jinya ba, rigakafi kuwa ya fi magani.