Kabari biyu, da na ukun da ya ƙi haƙura

A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, sai Thomas Kent daga Amurka. Babu ƙungiyar mishan da ta ɗauki nauyinsu. Sun yi niyyar kai bishara yankin da Turawa ke kira Sudan a zamanin, wanda ƙasar Hausa ke tsakiyarsa. Wani babban ɗan mishan a Legas ya faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa su kam ba za su ga ƙasar ba, haka ma 'ya'yansu, sai dai ko jikoki.

Zazzaɓin cizon sauro ya fara kayar da Bingham, aka bar shi a Legas yana tura wa 'yan'uwansa guzuri. Su biyun suka nausa arewa. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, ƙasar Zazzau, Kent kuma a Bida. Ba su kafa coci ba, ba su yi wa kowa baftisma ba.

Bingham ya koma Kanada a 1895, ya ɗauki 'yan komatsan da Gowans ya bari ya kai wa mahaifiyarsa a Toronto. Ita ce fa tun farko ta cusa masa zancen Sudan a zuciya. Ga shi yanzu tsaye a ƙofarta, ɗan wani ya dawo, nata yana kwance a ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Kamar yadda shi Bingham ya ba da labari, ta riƙe hannunsa, ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce gara mata Walter ya mutu can shi kaɗai yana bin umarnin Ubangijinsa, da a ce yana gida yau ya ƙi kiran. Mai 'ya'ya ya san nauyin wannan magana.

A 1900 Bingham ya sake tasowa. Zazzaɓin ya sake kwantar da shi a Legas, aka mayar da shi gida ranga-ranga, abokan tafiyarsa ma suka karaya suka juya. Shekara bakwai ke nan ba abin nunawa, kuma duk wanda ya ce masa ya haƙura, ba za a kira shi mugun mai shawara ba.

Bai haƙura ba, amma ya yarda jikinsa ba zai kai shi ba. Sai ya zauna yana neman kuɗi da mutane. Tawaga ta uku ta isa Patigi, bakin kogin Kwara, a 1902, ba ya cikinta. Su huɗu ne. Ɗaya ya rasu, ciwo ya kori biyu, A. W. Banfield kaɗai ya tsaya, ya koyi Nufanci har ya fassara Littafi Mai Tsarki cikinsa. Daga wannan tasha aikin mishan ɗin nasu, wato SIM, ya bazu, kuma cikinsa ne cocin ECWA ta fito a 1954, shekara goma sha biyu bayan rasuwar Bingham.