Amsoshin Wasiƙunku: Bindigar Auna Zafin Jiki Tana Faɗin Gaskiya Kuwa?

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani mai sayar da hatsi. Ya ce an auna ɗansa a kemis da na'urar nan mai kama da bindiga, aka ce lafiya lau, alhali jikin yaron ya yi zafi rau. Shi ne yake tambaya, wa zai gaskata, na'ura ko tafin hannunsa?

To malam, ga bayani. Wannan na'ura mun fara ganinta sosai lokacin Ebola a 2014, ta kuma cika gari da zuwan Korona a 2020. Ba ta harba komai cikin kai, kada a ruɗe ku. Ɗumin da ke tashi daga fatar goshi take karɓa, kamar yadda kake jin hucin murhu ba ka taɓa shi ba, sannan ta ƙiyasta zafin cikin jiki.

A nan gizo ke saƙa, domin fata tana bin yanayi. Manomin da ya dawo daga gona da tsakar rana, ko wanda ya tuɓe rawani yanzun nan, sai ta ɗora masa zazzaɓin da ba shi da shi. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne akasinsa: gumi, ruwan alwala, sanyin hunturu, ko iskar da ta bugi yaro a kan babur, duk suna sanyaya goshi. Sai ta nuna 36, ciki kuwa wuta yake ci, iyaye su koma gida da murna.

Saboda haka a zauna cikin inuwa kamar minti 15, a share gumi, a matso da ita kusa da goshi yadda takardarta ta ce, a auna sau biyu ko uku. Mai lafiya wajen 37 yake, 38 zazzaɓi ne. In ka ga 98 kada hankalinka ya tashi, lissafin Amurka ne, a can 100.4 ita ce 38 ɗinmu.

Ɗanka kuwa, malam, a sake auna shi da ma'aunin da ake sawa a hammata, a yi masa gwajin jini, don bindiga ba ta san zazzaɓin cizon sauro ba. In kuma jariri ne da bai kai wata 3 ba, ko yaro ya fara jijjiga, ko ya ƙi kama nono, a wuce asibiti kai tsaye, ko me na'ura ta nuna.