Me ya sa finafinan Bruce Lee ba sa tsufa?

Fiye da shekara 50 ke nan da rasuwar Bruce Lee a Hong Kong, ranar 20 ga Yulin 1973, yana ɗan shekara 32. Amma har yau idan yaro ya daka tsalle ya kai shuri, sunansa ake laƙaba masa.

Irin waɗannan finafinai ba sa buƙatar tafinta. Wanda ya kalli Opération Dragon da Faransanci a gidan bidiyo a Garwa ko Maraɗi, da wanda ya gan shi a Kano da sunan Enter the Dragon, labari ɗaya suka kwasa: an yi zalunci, jarumi zai rama, bos na jira a ƙarshe.

Sai batun horo. A The 36th Chamber of Shaolin na 1978, babban ɓangaren fim ɗin ɗalibi ne ke ɗibar ruwa da bokiti, yana faɗuwa yana tashi, kafin malamai su yarda ya ƙware. Duk wanda ya zauna gaban malami, ko ya koyi sana'a a hannun maigida, ya san wannan wahalar.

A lokacin ba aikin kwamfuta. Akwai dabarun kyamara da igiya, gaskiya ne, amma jikin mutum ne ke shan wuya. Karayar da Jackie Chan ya sha ta gaske ce. Shi ya sa, a ganina, karon Lee da Chuck Norris a La Fureur du dragon na 1972 ya fi faɗan yau shiga rai: kyamara tana ja da baya, ka ga kowane naushi daga tashinsa har saukarsa.