Sa'o'i 72 da wata uku: jita-jitar Sida a fadodin Gaweye da abin da likitoci suka tabbatar

A fadodin samarin Gaweye, a hayin kogin Isa da mutanen Yamai ke kira Harobanda, zancen Sida yakan shigo ne da sunan wani. "Wani abokina ne ya kwana da mace bai sa roba ba, yanzu ko barci ba ya yi." Kafin shayi na biyu ya nuna, kowa ya zama likita. Wannan ya ce a yi wanka da sabulu mai ƙarfi, wancan ya ce a haɗiye ƙwaya, wani ya ce a dakata a ga ko zazzaɓi zai zo. Illar waɗannan shawarwari ita ce suna zaunar da mutum a lokacin da ya kamata ya ruga asibiti, sannan su tura shi awon jini tun awon bai iya ganin komai ba.

"Sau ɗaya ya isa, an riga an kamu"

Ana iya kamuwa a saduwa ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma ba dole ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa idan abokin kwanciya yana da ƙwayar cutar kuma ba ya shan magani, mace takan kamu sau 8 cikin saduwa 10,000, namiji sau 4. Ga wanda aka sadu da shi ta dubura kuwa, adadin ya kai 138. Haɗarin yana hauhawa idan akwai gyambo ko ciwon sanyi a al'aura, idan an yi da ƙarfi har jini ya fita, ko idan abokin kwanciyar bai daɗe da kamuwa ba.

Nijar ta gano mai cutar na farko a 1987. Binciken ƙasa ya nuna masu ɗauke da ita sun ragu daga kashi 0.7 cikin ɗari na manya a 2006 zuwa 0.4 a 2012, sai dai adadin ya fi haka nesa ba kusa ba a tsakanin mata masu zaman kansu. Kaciya ma tana rage haɗarin namiji da kusan kashi 60, amma ba ta kawar da shi, kuma ba ta maye gurbin roba irin su Foula da ake samu a shaguna.

"Wanka, fitsari ko ƙwaya suna wanke ta"

Ƙarya ce. Sabulu, ruwan lemun tsami da ruwan javel ba sa cire ƙwayar da ta riga ta shiga, sai ma su ƙona fatar ciki su buɗe mata ƙofa. Ƙwayoyin da 'yan talla ke yawo da su a tire kuwa ba su da tasiri a kanta ko kaɗan.

"Bakin alƙalami ya bushe, sai jira"

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi cutarwa. Akwai maganin gaggawa da ake fara sha cikin sa'o'i 72, wato kwana uku bayan saduwa, a ci gaba da shi kullum har kwana 28. Wanda ya fara a ranar farko ya fi samun kariya. Bayan kwana uku kuma ya makara. Mazaunin Gaweye yana da asibitin unguwar a kusa, ga na Lamorde, ga babban asibitin ƙasa da zarar an ƙetare gadar Kennedy. Ya je ya faɗa wa ma'aikacin lafiya ranar da abin ya faru da sa'ar, ba tare da kwana-kwana ba. Macen da aka yi wa fyaɗe ta fi kowa buƙatar wannan hanzari, tare da maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa.

"Jikina zai faɗa mini"

Jiki ba ya faɗin gaskiya a nan. Wasu sukan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ƙuraje da kumburin kaluluwa mako biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, wasu kuma ba sa jin komai har shekaru. A unguwar da ke bakin kogi, inda sauro ke damun mutane musamman da damina, zazzaɓi ya fi yiwuwa na cizon sauro ne. Ciwon kai da gudawar da suka taso washegarin saduwa ba alamar Sida ba ne, domin ƙwayar ba ta saurin haka. Fargaba kaɗai tana iya hana barci da cin abinci. Kuma kallon fuska ko ƙibar mutum ba ya nuna ko yana da ita.

Sauron ma da ake zargi ba ya yaɗa ta. Haka kofin shayi ɗaya, musabaha da kwanon abinci.

"Na yi awo washegari, an ce ba ni da ita"

Sakamakon daidai ne, amma labarin watannin baya yake bayarwa. Awon gaggawa na digon jinin yatsa yana neman garkuwar da jiki ke ƙerawa ne, ita kuwa takan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin ta bayyana. Awon ɗakin bincike na zamani yana iya gani tsakanin kwana 18 da 45. Don haka ake yin awo ranar farko a san inda aka tsaya, a maimaita bayan kamar mako shida, a rufe da na wata uku. A tsakanin nan, mai aure ko mai budurwa ya sa roba, kuma kada ya ba da jini. Ya nemi a duba masa ciwon hanta nau'in B ma, wanda ya fi Sida yawa a Nijar kuma ya fi ta saurin yaɗuwa.

Mai gudun idon sani yana da cibiyar CEDAV ta ƙungiyar Mieux Vivre avec le Sida a Yamai, inda ake awo cikin sirri.

"Idan aka same ta, sai kabari"

Zamanin "kabari salamu alaikum" ya wuce. Nijar ta fara ba da maganin danne cutar tun 2004, kuma kyauta ake karɓarsa. Maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, kuma babu sassaƙe ko jiƙon da aka tabbatar yana fitar da ita, komai rantsuwar mai sayarwa. Amma wanda ke sha kullum har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini ba ya sa wa matarsa ko mijinta, kamar yadda manyan bincike suka nuna tun daga 2011. Mai juna biyu da aka gano a wurin awon ciki, ta fara magani da wuri, galibi takan haifi jariri lafiyayye, kuma ƙungiyar RENIP+ ta masu rayuwa da cutar a Nijar tana tallafa wa sabbin masu shan magani da shawara.